Kaji goma da zakaran gyara: abin da na gani a hidimar wani mai sayar da kajin ƙwai a Kumasi

Wata takwas ke nan da na sayi kajin ƙwai guda goma da kejinsu daga wani shagon kayan kiwon kaji da ke bakin gari a nan Kumasi, kuma tun daga lokacin mutane da dama a unguwannin Aboabo da Asawase suke tare ni bayan sallah suna tambaya ko su ma su je wurin mutumin. Na ga ya fi dacewa in rubuta amsar a tsanake, domin abin da zan faɗa ya wuce "je ka" ko "kada ka je". Ba zan ambaci sunan shagon ko na mai shi ba, tunda akwai abin da zan yaba kuma akwai abin da zan kushe, kuma irin wannan hidima ta yawaita yanzu har ta zama kusan iri ɗaya duk inda mutum ya je: ana haɗa maka keji, da kajin da suka kusa fara ƙwai, da mazubin abinci da na ruwa, da buhun abinci na farko, a kawo maka har gida a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, sannan a ba ka lambar waya a ce ka kira idan wani abu ya taso. Tun da gwamnatin Shugaba John Mahama ta fito da shirin Nkoko Nkitinkiti a 2025 don ƙarfafa kiwon kaji a gidaje, maganar ta ƙara shiga bakin mutane, masu irin wannan sana'a kuma suka ƙara samun kasuwa.

Ni malamin makaranta ne, kuma ina zaune a gidan gado irin na zango, wanda ɗakunansa suka kewaye tsakar gida guda, wasu na dangi, wasu na 'yan haya. Akwai wani ɗan fili a bayan ɗakina, tsakanin bangona da katangar maƙwabta, inda aka daɗe ana jibge tsofaffin kwanoni da itace, kuma nan na yi niyyar ajiye kajin. Na faɗi wannan tun farko domin duk hukuncin da zan yanke a kan hidimar ya rataya ne a kan irin gidan da nake ciki. Wanda yake da gidansa shi kaɗai a Kenyase ko Abuakwa, da fili mai faɗi da katanga doguwa, lissafinsa daban ne.

Zan fara da kajin kansu, domin nan ne mutumin ya cika alkawari. Jajayen kaji ne na gidan gona, irin Isa Brown, ya ce makonsu 18 da ƙyanƙyasa, kuma ya ba ni takardar rigakafinsu wadda aka rubuta ranakun da aka yi musu na cutar Niyukasil da Gumboro da na ƙurajen kaji. Na yi shakka a kan shekarun, saboda abin da aka fi cutar sababbin masu kiwo da shi shi ne a sayar musu da tsofaffin kajin da gona ta gama cin moriyarsu a ce 'yan mata ne. Sai ya kama guda ɗaya ya nuna mini yadda ake ganewa: ƙafafun sumul suke, rawaya shar, tukkun kai ƙarami ne bai gama yin ja ba, kuma da ya ɗora yatsunsa a tsakanin ƙasusuwa biyu na ƙugu, yatsa ɗaya ne ya shiga da ƙyar, alhali kazar da ta daɗe tana ƙwai tana ɗaukar yatsu biyu zuwa uku. Wannan darasi kaɗai ya sa na ji cewa ina gaban wanda ya san sana'arsa. Kwana goma sha shida bayan an kawo su na tsinci ƙwai na farko, ƙarami, a kusurwar keji, kuma kafin wata biyu ina kwashe takwas ko tara a rana, wato kiret guda mai ƙwai 30 duk kwana uku zuwa huɗu. Wanda ya saba da kajin gida, waɗanda sukan yi ƙwai goma sha wani abu sannan su kwanta a kai kwana 21, su yi ta yawo da 'yan tsaki wata da watanni, zai fahimci girman bambancin. Irin waɗannan na gidan gona suna iya kusantar ƙwai 300 a shekararsu ta farko idan abinci da ruwa ba su yanke ba, kuma da wuya su yi kwanci.

Kaza guda ta mutu a mako na farko. Na kira shi da fargabar zai ce laifina ne, amma sai ya ce kada in jefar da ita kuma kada kowa ya ci, in sa ta a leda in kai ofishin likitocin dabbobi na gwamnati a duba. Da aka duba aka ce babu alamar cuta mai yaɗuwa, wahalar hanya da zafi ne suka fi kama da sanadi, sai ya kawo mini wata ba tare da na ƙara ko sisi ba. Na yaba da wannan ƙwarai, musamman da yake murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Gana a 2007 da 2015 da kuma 2021, kuma mutumin da yake kiwo a tsakiyar gida mai cike da yara bai kamata ya yi wasa da mushen kaza ba. Haka kuma da wata ta fara zawo a lokacin damina na nemi ya sayar mini da maganin da ake zubawa a ruwa, ya ƙi, ya ce sai likita ya gani, ya kuma gaya mini cewa akwai magungunan da idan aka ba kaza dole a daina cin ƙwanta na wasu kwanaki har maganin ya fita daga jikinta. Mutane da yawa da suke sayar da magani a kasuwa ba za su gaya maka haka ba, domin ciniki suke nema. Kafin hunturu ya shigo shi da kansa ya kira ya tuna mini da sabunta rigakafin Niyukasil, cutar da kan share kajin unguwa kaf a wannan lokaci, wadda za ka ga kaza tana koren zawo tana murɗe wuya tana kallon sama. Kajin wani maƙwabcinmu da suke yawo a lungu sun ƙare a watan Janairu, nawa kuwa ko guda ba ta yi atishawa ba.

Kejin bai kai kajin kyau ba. Tsawonsa mita biyu ne, faɗinsa mita ɗaya da rabi, wanda ya ishi kaji goma amma babu rara, kuma katakon da aka yi shi da shi mai kyau ne. Matsalar tana rufi da raga. An rufa shi da kwano tsirara kuma an yi shi gajere, saboda haka da rana ta take sai ka tarar da kajin sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, kuma kaza ba ta da hanyar yin gumi, hakin nan shi ne babban abin da take sanyaya jikinta da shi. A ranakun da zafi ya tsananta a watan Fabrairu da Maris ƙwai ya ragu zuwa shida, ɓawonsa kuma ya yi laushi. Sai da na sa kafinta ya ɗaga rufin ya shimfiɗa tabarmar kaba a ƙarƙashin kwanon kafin abin ya daidaita. Ragar kuma idanunta sun yi faɗi, ɓera yana shiga yana fita yadda ya ga dama, kuma duk wanda ya san magudanun ruwan Aboabo ya san irin ɓerayen da nake nufi. Na sake kashe kuɗi na sa ƙaramar raga daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa, na kuma sayi durom mai murfi don ajiye abinci. Idan aka haɗa waɗannan gyare-gyare, sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kejin, kuma abubuwa ne da ya kamata a ce an yi su tun a wurin ƙira, ko da za a ƙara farashi.

Abinci kuwa babu abin cewa da yawa. Kowace kaza tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana, saboda haka buhu mai kilo 50 yana kai kaji goma mako shida, a cikin wannan lokaci kuma sukan ba ni kusan kiret goma sha ɗaya. Mai shagon ya gaya mini wannan lissafi tun kafin in biya, kuma haka na same shi. Ya kuma gargaɗe ni cewa kada in yi dabarar cika musu ciki da dusa da ragowar tuwo, domin kazar ƙwai tana bukatar abinci mai gina jiki da kuma sinadarin da ke yin ɓawo, wanda ake samu daga garin ɓawon kawa da ake haɗawa a abincinsu. Farashinsa na buhu ya ɗan ɗara na kasuwa, amma yana kawowa har ƙofa kuma ban taɓa samun buhu mai fumfuna ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da aka sauke kaya, bayan an gama ƙirga kaji goma, yaron shagon ya sake komawa aboboya ya fito da wani ƙaton zakara ja mai baƙin jela, ya ce maigida ya ce a ba ni gyara. Na yi murna, na yi godiya, domin a al'adarmu ba a mayar da hannun kyauta baya, kuma tun muna yara mun taso da sanin cewa gidan da ke da kaji yana da zakara. Da na kira don in yi godiya, mai shagon ya ce, "Malam, ai kaji ba sa jin daɗi sai da namiji, kuma ga shi zai riƙa tashinku asuba." Ban musa ba. Ko a hadisi ma an hana zagin zakara saboda yana tayar da mutane sallah, kuma an ce wanda ya ji cararsa ya roƙi Allah falalarsa. Abin da bai gaya mini ba, wanda kuma na tabbata ya sani, shi ne kaza ba ta bukatar zakara don ta yi ƙwai. Jikinta yana haɗa ƙwai guda cikin kimanin awa 24 zuwa 26 ko akwai namiji ko babu, zakara yana da amfani ne kawai ga wanda yake son ƙyanƙyasa, ni kuwa kajin da na saya ba masu kwanci ba ne. Su masu gona zakarun nan nauyi ne a kansu, suna cin abinci ba sa ba da komai, shi ya sa bayar da su gyara yake da sauƙi.

Zakaran nan ba asuba kaɗai yake cara ba. Yakan fara tun wajen ƙarfe uku na dare, ya yi ta yi har gari ya waye, kuma da rana ma duk abin da ya motsa sai ya amsa. Masu bincike a jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan sun nuna a 2013 cewa zakara yana da agogonsa a cikin jiki wanda ke sa shi cara kafin ketowar alfijir ko da an ajiye shi inda ba ya ganin hasken gari, sannan haske da carar wasu zakaru suna ƙara tunzura shi. A nan ne shawara ta biyu ta mai shagon ta ƙara dagula al'amarin. Ya ce in sa ƙwan lantarki a keji, domin kajin ƙwai sun fi yi idan suna samun haske na awa 14 zuwa 16, mu kuwa a Kumasi yininmu bai cika wuce awa 12 da 'yan mintoci ba duk shekara. Maganar gaskiya ce a ilmin kiwo, amma ya ce in riƙa kunnawa tun ƙarfe huɗu na asuba, kuma da zarar fitilar ta kama sai zakaran ya ɗauka rana ta fito, ya ƙara ƙaimi.

Kejin kuwa yana daidai ƙarƙashin tagar wata baiwar Allah da ke haya a gidan da ke bayanmu, ma'aikaciyar jinya ce da ke aikin dare a wasu makonni, ta dawo da safe tana neman barci. Ina tuna ranar da yaron shagon ya zo awo kafin a ƙera kejin. Ya durƙusa da tef ɗinsa, ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya duba inda ruwan indararo yake zuba, ya tambaye ni ta ina rana take fitowa, ya rubuta komai a bayan wata takarda. Tagar tana nan sama da kansa, bai fi taku uku daga inda ya durƙusa ba, da labule shuɗi yana kaɗawa, amma bai ɗaga kai ya tambaya ɗakin wane ne ba. Ni ma ban kawo maganar ba, kuma wannan nauyi yana wuyana, sai dai ni sabon shiga ne, su kuwa sun sauke irin wannan keji a gidaje masu yawa, ya kamata a ce tambayar maƙwabta tana cikin abin da suke fara yi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda na sami labari. Mutanenmu suna da kawaici, kuma babu mai son a ce ya yi ƙorafi a kan zakara, tsuntsun da ake ganin yana kiran sallah, balle kuma zakaran malami. Mako uku cur babu wanda ya ce mini uffan. Gaisuwa ce kawai na ga tana raguwa, ma'aikaciyar jinyar da takan tsaya ta tambayi lafiyar yara ta koma ɗaga hannu daga nesa. Sai wata rana bayan la'asar wata tsohuwa da ke ɗakin kusa da nawa, wadda ƙanwar mahaifina ce, ta kira ni ta ce in zauna. Ta yi ta zagaye-zagaye a kan tsadar kaya da ciwon ƙafarta, sannan ta ce, "Ɗana, zakaran nan naka Allah ya ba shi murya. Ni dai tsohuwa ce, barcina dama kaɗan ne, amma yarinyar nan ta baya da take kwana a kan marasa lafiya, jiya na ga idanunta sun yi ja." Na ce, "Gwaggo, ta yi miki magana ne?" Ta ce, "Ba za ta yi ba, ai tana jin nauyinka. Shi ya sa ni na yi." A daren nan na kashe fitilar, na zauna a bakin ƙofa daga ƙarfe uku ina ƙirgawa, kuma kafin ladan ya kira sallah zakaran ya yi cara fiye da sau arba'in. Ina zaune ina kallon tagar nan, na ga an kunna fitila a ciki, an kashe, an sake kunnawa.

Ga wanda yake son ma'auni, ƙa'idar Hukumar Kare Muhalli ta Gana ga unguwannin zama ita ce ƙara, wadda ake auna ƙarfinta da desibel, kada ta wuce 55 da rana da 48 da dare, daren kuma yana farawa daga ƙarfe goma zuwa shida na safe. Carar zakara ga wanda yake kusa da shi takan kai wajen desibel 90, yayin da surutun kaji mata yake tsakanin 60 da 70 a bakin keji, kamar hirar mutane, kuma yana raguwa sosai da an ɗan matsa. Na san za a ce zango ba wurin shiru ba ne, ga lasifika, ga injin niƙa, ga babura, ga biki kusan kowane ƙarshen mako. Haka ne, amma duk waɗannan suna da lokacin da suke tsayawa, kuma tsakanin ƙarfe biyu da kiran sallar farko shi ne ɗan lokacin da unguwa take samun hutu. Wanda ya ɗauke wa mutane wannan ya ɗauke musu abu mai tsada. Malaminmu yakan karanta mana hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma ban ga yadda hana zagin zakara zai zama izinin cutar da maƙwabci da shi ba.

Washegari na kira mai shagon na ce ya zo ya ɗauki zakaransa. A nan ne kawai muka sami saɓani. Ya ce ba ya karɓar tsuntsun da ya riga ya shiga wani gida saboda gudun kai cuta gona, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi wadda na yarda da ita. Amma sai ya ƙara da cewa mutane za su saba, in ɗan yi haƙuri, ko in riƙa kife shi da kwando da dare. Na gwada kwandon dare biyu, ƙarar ta ragu kaɗan, amma tsuntsun ya wahala kuma da safe ya rama abin da ya rasa. Ranar Juma'a na yanka shi, uwargida ta yi farfesu, na sa aka kai wa ma'aikaciyar jinyar kwano guda, ni kuma na bi baya da kaina na ba ta haƙuri. Ta ce, "Haba Malam, ai ba komai," amma yadda ta sauke ajiyar zuciya ya gaya mini cewa akwai komai.

Bayan tafiyar zakara sauran ƙarar ba ta taka kara ta karya ba. Kaza takan yi kyarkyara na 'yan mintoci bayan ta saki ƙwai, wani lokaci sauran su taya ta, kuma yawanci tsakanin hantsi ne da azahar, lokacin da gida ya riga ya cika da hayaniyar girki da yara. Duk da haka na sa aka ja kejin zuwa ɗaya kusurwar, nesa da tagar da kimanin mita biyar, na mayar da fitilar ta yamma, daga magariba zuwa ƙarfe tara, da ɗan ƙaramin ƙwan lantarki wanda na yi wa rumfa da gwangwani don kada haskensa ya haura katanga. Ƙwai bai ragu ba ko kaɗan da rashin namiji. Na kuma lura cewa idan kaji suka yi ta ihu ba lokacin ƙwai ba, to akwai dalili, ko ruwa ya ƙare, ko muzuru yana kan katanga, ko biyu suna rigimar wurin yin ƙwai, kuma da na ƙara akwatin yin ƙwai na uku rigimar ta mutu.

Wari shi ne abu na biyu da zai iya haɗa mutum da maƙwabta, kuma a nan ma bayanin shagon ya yi ƙaranci. An ce mini in zuba garin katako in riƙa canjawa "lokaci-lokaci", ba a ce mini komai a kan damina ba. Kashin kaji idan ya bushe ba ya damun kowa, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya tashi da wani wari mai yaji da ke shiga ido, ƙudaje kuma su taru. A ƙaramar daminar Satumba da Oktoba feshin ruwa yakan shiga ta gefe, kuma cikin kwana biyu shimfiɗar ta dagule. Abin da ya yi mini aiki shi ne sassaƙen katako mai kauri, irin wanda ake samu a wurin masu katako na Sokoban, a zuba shi ya kai tsayin yatsa, a riƙa juya shi da cebur kowace safiya, a kwashe wurin da ya jiƙe nan take, a rataye mazubin ruwa daidai tsayin bayan kaza don kada su zubar, a kuma saukar da buhu a gefen da iska take kaɗo ruwa. Abin da na kwashe ina ɗurawa a buhu in ɗaure, masu lambun kabeji da latas suna karɓa da murna. Kada wanda ya kuskura ya zuba shi a kwata, domin ban da cutar da jama'a, jami'an tsafta na majalisar Asokore Mampong, waɗanda iyayenmu suke kira tankas ko saman-saman, suna da ikon rubuta wa mutum sammaci a kan ƙazanta da kuma dabbar da aka saki tana yawo. Duk wanda zai fara, ya kamata ya leƙa ofishin tsafta na yankinsa ya ji ƙa'idarsu, idan kuma ɗan haya ne ya fara da mai gida. Mai shagon bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ga masu tambayata, amsata ita ce mutumin ya cancanci a yi ciniki da shi a kan kaji da abinci da kula da lafiya, kuma a waɗannan fannoni uku ban ga wanda ya fi shi ba a cikin waɗanda na zagaya kafin in saya. Kejin a sa shi ya ɗaga rufi ya sa ƙaramar raga tun kafin a biya, ko a ba kafinta na unguwa ya yi. Zakaran gyara kuwa a yi godiya a ce a bar shi, ko a karɓa a yanka a ranar. Wanda yake gidan haya mai mutane da yawa ya fara da kaji biyar ko shida, sun isa su ba iyali ƙwai huɗu zuwa biyar kullum, kuma kashinsu ba zai fi ƙarfinsa ba. Kafin yaron awo ya zo, mutum ya zagaya da ƙafarsa ya ƙirga tagogin da suke kallon wurin, ya shiga ya gaida masu su, ya gaya musu abin da yake shirin yi, ya kuma roƙe su da su faɗa masa kai tsaye idan wani abu ya dame su, ko su faɗa wa wani babba a gidan idan suna jin nauyi. Ni yanzu duk Juma'a ina aika ƙwai shida gidan baya, shida ɗakin Gwaggo, kuma daga wurinta nake jin yadda gida yake ciki.

Makon jiya da na je biyan kuɗin buhu na zauna da mai shagon na faɗa masa duk wannan baki da baki, na ce ya ƙara tambaya guda a takardar awonsa, wato tagar wa ke kusa, kuma ya daina tura zakara gidajen zango sai wanda ya nema. Ya saurare ni har na gama, ya ce maganar rufi da raga ya karɓa kuma ya riga ya gaya wa kafintansa, maganar taga ma zai sa yaron ya riƙa dubawa. A kan zakara dai bai ba ni amsa ba, ya ce mutane da yawa suna jin haushi idan ba a ba su ba. Ina fitowa na ga ana ɗora wa wata Hajiya kaya a aboboya za a kai mata unguwar Sawaba, kaji shida da keji, da wani farin zakara a ɗaure a gefe, sai na tsaya na gaishe ta na tambaye ta ko gidan nata ita kaɗai ce a ciki. Ta ce su iyali tara ne, sai na nemi izininta na ba ta labarin tagar nan mai shuɗin labule tun daga farko.